In Tsohon Darekta Ya Rasu a Damagaram: Me Ake Faɗa, Me Ake Yi?

Kwanakin baya aka yi mana rashi a unguwar Zango. Dattijo ne da ya daɗe yana shugabancin wani kamfani a Yamai, da ya yi ritaya ya tattaro ya dawo gida Damagaram, ya koma zaman tabarma a ƙofar gida shi da jikoki. 'Ya'yansa da suka tashi a can sun riƙa jan mutane gefe suna tambaya ƙasa-ƙasa, don kunyar a ce ba su san al'ada ba. Ga tambayoyin da suka fi yawa.

Me ake cewa in an zo gaisuwa?

Kaɗan ake faɗa. Ka yi sallama, ka zauna, a yi fatiha, ka ce: "Yaya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari." Su amsa da amin. Ba wurin jawabi ba ne. Na ga wani tsohon abokin aikinsa ya fara jero muƙaman mamacin da Faransanci, sai wani tsoho ya ce masa a hankali: "Alhaji, a yi masa addu'a dai."

Kwana nawa ake zaman makoki, kuma ya batun sadakar uku, bakwai da arba'in?

Kwana uku. Matarsa kaɗai ke wuce haka, don ita takaba za ta shiga, wata huɗu da kwana goma, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in tsohuwar al'ada ce a nan, gidaje da yawa na yi, malaman Izala kuwa na cewa ba ta da tushe a Sunna. Shawarata kada 'yan uwa su ɓata a kan wannan. Abin da babu saɓani a kansa shi ne maƙwabta su kai wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda Annabi (SAW) ya sa aka yi wa iyalan Ja'afar.

Muna son mu rubuta tarihinsa mu sa a Facebook. Me ya kamata mu faɗa?

Nan ne aka fi yin kuskure. Sai ka ga an rubuta "mutumin kirki ne, mai son iyali, mai haƙuri", kalmomin da za su hau kan kowa kamar riga 'yar kanti. Ku faɗi abin da shi kaɗai ya yi. A makokin nan, ba wanda ya tuna shekarar da aka ba shi darekta. Abin da aka yi ta maimaitawa shi ne ɗiyan ƙanensa da ya ɗauko daga ƙauye ya sa lakkol, da buhun hatsin da yake aika wa gwaggonsa duk azumi, da yadda tsohon direbansa ya shigo mota tun daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ya zauna gefe yana share hawaye.

Aikinsa ma a faɗe shi, ba laifi. Damagaram gari ne da ya san darajar mai nema. Tun zamanin Sarki Tanimun ayarin raƙuma ke sauka a nan tsakanin Kano da Agadas, har yau ana kiran sunan Malam Yaro, babban attajirin Zango, kuma nan ce hedikwatar Nijar kafin Turawa su mayar da ita Yamai a 1926. Sai dai a guji ƙari. Mutanen gari sun san shi, in kuka ce bai taɓa fushi ba za su yi murmushi kawai. Sirrin gida kuma a bar shi a gida.

Yaushe za a raba gado?

Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an cika wasiyya. Wasiyyar ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Mutum irin wannan yakan bar hulɗa da yawa, wata a takarda, wata a baki kawai, shi ya sa a wurin jana'iza ake shela cewa mai bin sa bashi ko wanda yake bi ya zo ya faɗa. Ku duba littattafansa, ku tambayi amintaccen yaronsa na Kasuwar Dole. Sannan a kira malami masanin gado: in akwai 'ya'ya, tumuni ne rabon mata, ko ɗaya ce ko huɗu, ɗa namiji kuma yana ɗaukar rabon 'ya'ya mata biyu.

Fanshonsa ya tsaya ke nan?

In ma'aikacin kamfani ne da ake zuba masa kuɗi a CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, matarsa da marayu masu ƙananan shekaru na da haƙƙi. Ku fara da karɓo takardar shaidar rasuwa daga ofishin magajin gari, ku nemo ta aure da na haihuwar yara, kada a bari takardu su ɓace cikin hidima.

Wace sadaka ce za ta fi kai masa lada?

Hadisi ya ambaci uku da ba su yankewa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. A garin da kowa ya san yadda mata da yara ke layi da jarkoki in zafi ya tsananta, ni dai ruwa zan fara ambata. Babbar ɗiyarsa ta tambayi kawunsu ko su buga kalanda mai hotonsa su raba. Ya ce mata: "Ɗiyata, kuɗin kalandar nan ki haɗa da na 'yan uwanki a ja famfo ƙofar gida. Yaran ƙanensa biyu kuma ba su gama lakkol ba, wa zai ɗauke su cikinku?"