Damben Tailan: Ina Za Ka Kalla, Ina Za Ka Koya?

Tun da bidiyon damben Tailan ya fara yawo a wayoyi, samari masu sha'awar motsa jiki da 'yan kasuwar da ke zuwa Bankok saro kaya suke ta yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya. Na tsinto waɗanda suka fi dawowa.

Wai me ya raba shi da boksin, ko da dambenmu na gargajiya?

A can sunansa Muay Thai. Ɗan boksin da hannu biyu yake aiki, wannan kuwa makamansa takwas: dunƙule biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu. An yarda ka cafke wuyan abokin karawarka ka janyo shi kana zuba masa gwiwa a ciki, ko ka murɗa shi ka kayar. A tsarin gargajiya turmi biyar ake yi, kowanne minti uku, da hutun minti biyu a tsakani.

Wanda ya saba zuwa gidan dambe a Kano ko Sakkwato ba zai ji baƙunta sosai ba. 'Yan Tailan ma da can igiya suke naɗewa a hannu kamar zaren 'yan dambenmu, sai dai su hannu biyun duka, suna kiran abin kard chuek. A ƙarshen shekarun 1920, bayan wani ɗan dambe ya mutu a fage, aka koma safar hannu. Suna da makaɗa, suna da ɗaurin damtse. Inda aka rabu shi ne a nan: mu kisa muke jira, su kuwa yawancin wasannin manya da maki suke ƙarewa.

Idan na sauka Bankok, ina zan je in ga na gaske?

Gidaje biyu ne suka yi suna. Rajadamnern shi ne tsoho, an buɗe shi a watan Disamban 1945, yana kan titin Ratchadamnoen Nok cikin tsohon gari. Lumpinee na sojojin ƙasa ne, an buɗe shi a 1956 kan titin Rama IV, sannan a 2014 ya tashi ya koma titin Ram Intra can gefen gari. Kada ka nufi lambun Lumpini kana neman filin dambe, ba ya nan yanzu. Ɗamarar zakara ta ɗayan gidajen nan biyu ita ce burin kowane ɗan damben ƙasar. Baƙi ma sun taɓa ci: Toshio Fujiwara ɗan Japan ya ɗauki ta Rajadamnern a 1978, Morad Sari ɗan Faransa ya ɗauki ta Lumpinee a 1999.

Sai dai ka lura, ba kowane dare ba ne iri ɗaya. Tun Janairun 2023 kamfanin ONE Championship ke shirya wasan daren Juma'a a Lumpinee, turmi uku, da 'yan ƙananan safar hannu masu buɗaɗɗun yatsu. Wasa ne mai zafi, ana yawan sumar da mutum, kuma shi ne akasarin abin da kuke gani a waya. A nan Superlek ya doke Rodtang, dukansu fitattun 'yan damben Tailan, da maki a Satumban 2023. Rajadamnern ma yana da nasa na daren Asabar mai fitilu da hayaniya. Ni dai idan dare ɗaya gare ka, nemi daren da ake turmi biyar, kamar na Alhamis a Rajadamnern da kamfanin Petchyindee ke shiryawa. Nan ne 'yan gari suke zuwa.

Akwai na uku da ba a cika tallata wa baƙi ba: filin gidan talabijin na Channel 7, kusa da kasuwar Chatuchak. Ranar Lahadi da rana ake yi, ana nunawa kai tsaye a talabijin, shiga kuma kyauta ne. Ka je da wuri, domin wurin ƙarami ne, mutane kamar a hau kan juna.

Phuket da Chiang Mai fa?

A waɗannan wuraren 'yan yawon buɗe ido ma akwai filaye, irin su Bangla da Patong a Phuket, da Thapae a Chiang Mai. Kallon yana da daɗi, amma gauraye ne: wasa ɗaya na ƙwarai, na gaba kuma baƙon da ya yi wata biyu yana koyo ne aka haɗa shi da wani tsohon ɗan dambe mai teɓa da ya zo karɓar kuɗin cefane. Wanda ake yi a tsakiyar mashaya kuwa, sau da yawa wasan kwaikwayo ne.

Nawa ne tikiti, kuma ina ya fi a zauna?

A manyan gidajen Bankok baƙo ya tanadi daga wajen baht 1,500 (baht shi ne kuɗin ƙasar) zuwa sama, gwargwadon kujera. Saya a shafin filin ko a tagar sayar da tikiti. Direban tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, da ya ce zai samo maka mai rahusa, kamasho yake nema.

Kujerar bakin dandamali tana da nata armashi. Za ka ji ƙarar ƙwauri a haƙarƙari kamar an maka wa buhun masara taɓarya, ƙamshin man zafin da ake mulke su da shi, Namman Muay, ya cika maka hanci, wani lokacin har gumi ya fantsamo maka. Amma igiyoyi da ginshiƙi suna tare ido. Hawa na biyu ya fi nuna wasan duka. Can sama kuma 'yan caca ne, a tsaye, suna ta wasa da yatsu a iska suna sanar da juna farashi. Idan ka tsinci kanka kusa da su, ka rufa wa kanka asiri ka bar hannunka a ƙasa, kada a ɗauka ka sa kuɗi.

Mece ce rawar da suke yi kafin a fara?

Wai khru ram muay ake kiranta, gaisuwa ce ga malami da iyaye. Ɗan dambe zai shigo da wani zagayayyen ɗauri a ka mai jela a baya, mongkhon, da ɗaurin damtse, pra jiad. Zai zagaye dandamali hannunsa a kan igiyar sama, ya ɗan tsaya a kowace kusurwa, ya dawo tsakiya ya durƙusa ya sunkuya sau uku, sannan ya shiga rawar a hankali. Idan ya gama, mai horar da shi ne zai cire masa mongkhon ɗin yana yi masa addu'a irin tasu.

Kiɗan kuwa ba ya tsayawa har a gama wasa. Akwai abin busa mai suna pi chawa, wanda duk Bahaushen da ya ji zai ce algaita ce, da ganguna biyu, da 'yan ƙananan faya-fayan ƙarfe da ake gwarawa. Yadda faɗa ya yi zafi haka makaɗan suke ƙara wuta.

Na ga wanda ya fi kai naushi, amma aka ɗaga hannun ɗayan. Ba maguɗi ba ne?

Galibi ba maguɗi ba ne, idonka ne bai saba ba. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, domin wanda bai gane ta ba zai biya kuɗi ya fita yana tsaki.

Alƙalan gargajiya ba ƙirga duka suke yi ba. Suna duba wane duka ne ya yi tasiri, wa ya girgiza, wa ya tsaya daram. Harbin ƙwauri a haƙarƙari da gwiwa a ciki sun fi naushi daraja, sai fa naushin da ya sa mutum tangaɗi. Ko a hannu ka tare harbin, idan ya ture ka, an ci ka. Wanda aka murɗa ya faɗi ƙasa ya yi babbar asara. Shi ya sa za ka ga an narka wa mutum duka ya yi murmushi ya ɗaga kafaɗa: yana gaya wa alƙalai ko a jikinsa.

Sannan wasan yana da tsari kamar labari. Turmi na farko da na biyu gwajin juna ne, har baƙo ya fara hamma. Na uku da na huɗu su ne wasan, nan filin yake ɗaukar ihun "o-wei!" da kowane harbi. A na biyar, idan tazarar ta fito fili, sai ka ga wanda ke gaba yana ja da baya yana zagaye, ɗayan kuma ya haƙura, su taɓa safar juna tun ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Ba tsoro ba ne. Mutanen nan sana'arsu ke nan, bayan 'yan makonni za su sake hawa, babu amfanin a fasa wa juna gira a kan wasan da ya riga ya ƙare.

Ka kuma koyi gane salo. Muay khao shi ne mai matsowa ya riƙe wuya ya yi ta gwiwa, irin Dieselnoi, dogon nan da ya bar dambe a shekarun 1980 don an rasa mai karawa da shi. Muay femur shi ne gwanin dabara mai zillewa, irin Samart Payakaroon da Saenchai. Muay mat kuma mai nauyin hannu. Haɗuwar mai gwiwa da mai dabara ita ce kallon da ya fi komai daɗi a wurina.

Gaskiya ne yara ƙanana suna yi?

Gaskiya ne. Da yawa daga cikin zakarun 'yan yankin Isan ne a arewa maso gabas, inda talauci ya fi yawa, kuma sun fara karɓar kuɗin dambe tun ba su kai shekara goma ba. A 2018 wani yaro ɗan shekara 13 ya mutu bayan wasa a lardin Samut Prakan, aka yi ta muhawara kan hana yara. Ni wannan ɓangaren ba ya yi mini daɗin kallo.

Ban taɓa dambe ba. Gidan horo zai karɓe ni?

Hannu bibbiyu. Yau baƙi masu koyo su ne ke riƙe da gidaje da yawa. A Phuket akwai titi guda, Soi Ta-iad a unguwar Chalong, da kusan duk gidajen horo ne, ciki har da Tiger Muay Thai. Akwai Fairtex a Pattaya, Petchyindee Academy a Bankok, Sitmonchai a lardin Kanchanaburi ga mai son zaman ƙauye. Mata ma suna koyo sosai, kuma tun 2021 aka fara barinsu su hau dandamalin Lumpinee, Rajadamnern ya biyo baya a 2022.

To yaya zan zaɓa?

Kada ka biya kuɗin wata daga gida. Ni na yi wannan wautar. Na ga hotuna masu kyau a intanet, na tura kuɗin wata guda har da na ɗaki. Da na je, mu kusan talatin ne a kan masu horarwa huɗu. Wanda aka haɗa ni da shi yana riƙe mini matashin duka idonsa na kan wayarsa da ya jingina a kusurwa, duk abin da na yi sai ya ce da kyau. Mako biyu ina harbi da ƙafa a karkace ba wanda ya ce mini uffan, sai da gwiwata ta kumbura. Kuɗi kuwa ba a mayarwa.

Kusan kowane gida yana karɓar kuɗin zama ɗaya, 'yan ɗaruruwan baht. Kama ɗaki na kwana uku ko huɗu, ka gwada gida biyu ko uku. Abin dubawa na farko shi ne mutum nawa ke kan mai horarwa ɗaya, da turmi nawa za a riƙe maka matashi kai kaɗai. Uku zuwa biyar shi ne daidai. Na biyu, yana gyara maka tsayuwa da juyin ƙugu, ko gajiyar da kai kawai yake yi? Duba ko gidan yana da 'yan dambensa da ke fita wasa, ko ana koyar da riƙon wuya kullum. Sannan kalli shimfiɗar ƙasa da safar aro. Wurin da ba a wankewa, makero da maruru za ka kwaso, shi ya sa gara ka sayi safarka da robar kare haƙora, kayan ma a can sun fi araha.

Sunan gida ba shi ke koyarwa ba, mutumin da zai tsaya a gabanka ne. Ana kiransa kru, wato malam. Cire takalmi kafin ka taka shimfiɗa, kada ka dafa kan kowa, kada ka miƙe wa babba tafin ƙafa.

Yaya yinin mai koyo yake?

Sau biyu a rana, kwana shida, Lahadi hutu. Da sassafe gudu, sai tsallen igiya, damben iska, matashi, buhun duka, riƙon wuya, a rufe da motsa ciki. Da la'asar a maimaita. Kowane zama wajen awa biyu. Makon farko ka tsaya a sau ɗaya, domin zafin can mai gumi ne, ba irin busasshen zafinmu ba, kuma ƙwaurinka zai yi tsami har taka matakala ta gagare ka. Maganar dukan kwalba ko icce don ƙwauri ya yi tauri, bar ta. Buhu ne ke yin aikin a hankali.

Ni Musulmi ne. Abinci da ibada fa, da ita wannan rawar?

Naman alade ya yi yawa a abincinsu, ana kiransa mu. Riƙe wannan: "mai kin mu", wato ba na cin alade. Nemi tambarin halal a kan kaya da ƙofar gidan abinci. A Bankok akwai Musulmi da yawa a yankin Ramkhamhaeng, ga masallacin Haroon a Bang Rak, ga layin Larabawa a Nana. A Phuket, Bang Tao da Kamala da Rawai duk akwai masallatai. Idan gidan horon ne ke ciyarwa, yi maganar abinci kafin ka biya.

Rawar kuwa, mai koyo ba a tilasta masa. Musulmin da ke hawa dandamali da yawa suna barin sunkuyon, su tsaya a kusurwarsu su yi addu'a. Ka gaya wa kru ɗinka tun farko, sun saba da Musulmi.

Biza da lokacin tafiya?

Ɗan Najeriya sai da biza tun daga gida, da katin allurar shawara, da takardar wankewa ta hukumar NDLEA. A Yulin 2024 Tailan ta fito da bizar DTV ta shekara biyar, mai ba da zaman kwana 180 a kowace shiga, koyon Muay Thai na cikin dalilan da ake karɓa, amma sai ka nuna baht 500,000 a asusu. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙin zafi, Afrilu kuwa wuta ne. Ka guji Chiang Mai daga Fabrairu zuwa Afrilu saboda hayaƙin ƙona gonaki. Wanda ya dace da ranar 17 ga Maris ya leƙa Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar, inda ake bikin tunawa da tsohon gwarzonsu Nai Khanom Tom.

Idan suka ce in hau in yi wasa fa?

Za su iya faɗa, wani lokaci tun wata bai cika ba, domin gidan yana da kaso a kuɗin wasan. Kafin ka amsa, tambayi nauyin abokin karawar da yawan wasannin da ya taɓa yi, ka kuma duba ko inshorar tafiyarka ta haɗa da dambe, don yawancinsu sun cire shi. Idan aka ce maka shi ma sabon shiga ne, ka tuna a ƙasar nan direban tuk-tuk ɗin da ya kawo ka filin yana iya zama ya hau dandamali sau ɗari tun yana yaro.