Me ya sa Tom bai taɓa yin hankali ba? Tambayoyi kan taurarin katun

Masu kallon katun sukan yi gardama a kan taurarinsa: wani ya ce tauraron da ba ya canzawa alamar ragwancin marubuci ce, wani ya ce ai nan daɗin yake.

Daga ina aka samo rabon taurari gida biyu, masu hali ɗaya da masu fuskoki da yawa?

Daga wani marubuci ɗan Ingila, E. M. Forster, a laccocin da ya gabatar a jami'ar Kambirij a 1927. A kan ƙagaggun labarai ya yi maganar, daga baya masu sharhin fim da katun suka ara. Akwai tauraro mai hali ɗaya, kamar faifai: da ka gan shi ka gama ganinsa. Akwai kuma wanda yake kamar dunƙulen fura, duk inda ka juya shi sai ka tarar da wani gefe. Ma'aunin Forster shi ne, na biyun zai ba ka mamaki, kuma ka gamsu cewa abin da ya yi daga halinsa ya fito. Idan mamakin bai gamsar da kai ba, to faifai ne aka yi wa ado.

Ina Tom da Jerry suka faɗa?

Faifai ne su biyun, ba musu. William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙire su a kamfanin MGM a 1940, kuma tun ranar kyanwa ke bin ɓera. A danne Tom da ƙofa ya baje, ya miƙe ya karkaɗe jiki ya koma farauta kamar ba a yi ba. Duk da haka gajerun finafinansu sun ci kyautar Oscar sau bakwai. Ranar da Tom ya yi hankali, ranar shirin ya mutu.

Wane misali ne ya fi nuna tauraro mai fuskoki da yawa?

A ganina Zuko ne, na shirin Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta nuna daga 2005 zuwa 2008, kashi 61. Yarima ne na Ƙasar Wuta. Ubansa Ozai ya ƙona masa fuska yana ɗan shekara 13, ya kore shi, ya ce kada ya dawo sai da Avatar a hannu, wato Aang, babban tauraron shirin. Da farko mugu kawai muke gani. Sannu a hankali sai mu gane yaro ne da ke neman uba ya dube shi da idon rahama.

Inda marubutan suka nuna gwaninta shi ne ƙarshen zango na biyu, a birnin Ba Sing Se. Kowa ya sa rai Zuko ya shiryu, sai ya juya wa baffansa Iroh baya, ya bi ƙanwarsa Azula. Abin da ciwo, amma duk wanda ya bi labarin ya san dalili: an miƙa masa abin da ya shekara uku yana nema. Sai da ya koma fada, ya samu girman da yake so, ya ga bai ba shi kwanciyar hankali ba, sannan ya fice da ƙafarsa ya je ya koya wa Aang sarrafa wuta. Da tun farko ya tuba, da tuban ya zo da araha.

Ke nan zurfi shi ne canzawa?

A'a, kuma nan mutane ke haɗa abu biyu. Iroh kusan bai canza ba daga farkon shirin zuwa ƙarshe: mai son shayi, mai barkwanci, mai haƙuri. Amma tsohon janar ne da ya yi wa Ba Sing Se ƙawanya kwana 600, ya janye bayan an kashe ɗansa Lu Ten. Canjinsa ya faru kafin mu san shi, shi ya sa dariyarsa ke da nauyi.

Tauraro mai hali ɗaya aibi ne?

Ko kusa. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi bai kamata mu yi wannan tambayar ba: babu tatsuniyar da Gizo ya daina zamba, ko kura ta daina kwaɗayi, kuma ba mu taɓa gajiya da su ba. Shi kansa Avatar yana da nasa, wani mai sayar da kabeji da kullum sai an kifar masa da amalanke yana ihu. A ba shi tarihin rayuwa mai tsawo, a ɓata shi.

Tsarin shiri ma yana da hannu. Wanda kowane kashi ke cin gashin kansa yana bukatar taurari su koma yadda suke kafin mako mai zuwa. Shi ya sa yaron nan Bart na shirin The Simpsons yake ɗan shekara 10 tun 1989.

To yaushe masu ƙorafi suke da gaskiya?

Idan tauraron da ya fara da fuskoki da yawa ya ƙanƙance. A The Simpsons akwai Ned Flanders, maƙwabcin Homer, uban Bart. A shekarun farko mutumin kirki ne mai rufin asiri wanda Homer ke yi wa hassada, zuwa coci ɗaya ne kawai daga halayensa. Da shirin ya daɗe, marubuta suka yi ta jan wannan hali ɗaya saboda shi ke kawo dariya da sauri, har ya haɗiye sauran. Masu sharhi a intanet sun sa wa wannan cuta sunansa, suna kuma laƙaba ta ga duk tauraron da ya faɗa irin ramin, ko a wane shiri yake.