Haɗa ido da yanayin jiki wajen kare kai

Haɗa ido da yanayin jiki suna cikin dabarun da ake koyarwa a darussan kare kai, domin mai niyyar fashi ko ƙwace yakan ƙare wa mutane kallo kafin ya zaɓi wanda zai auka wa. Wanda hankalinsa ya tafi wani wuri yake nema, ko wanda bai ga alamar zai turje ba.

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne na Betty Grayson da Morris Stein, wanda aka wallafa a 1981. Sun ɗauki bidiyon masu tafiya a ƙasa a birnin New York ba da saninsu ba, suka nuna wa fursunonin da aka ɗaure kan laifin kai wa mutane hari, suka ce su nuna waɗanda za su fi sauƙin farmaki. Bakin fursunonin ya zo ɗaya a kan wasu mutane, kuma tafiya ce ta bambanta waɗannan da saura: taku mai tsawo ko gajarta fiye da kima, ɗaga ƙafa sama kamar ana tsallake ruwa, da hannuwa da ba sa tafiya daidai da sauran jiki. A 2013 Angela Book da abokan aikinta sun yi irin wannan gwaji a wani gidan yari a Kanada. Fursunonin da suka fi ƙeƙasasshiyar zuciya su suka fi iya gane wanda aka taɓa cuta, kuma sukan ce tafiyarsa suka duba.

Batun ido ya fi buƙatar lura. Masu koyarwa sukan ce a ɗago kai, a dubi mutum a taƙaice yadda zai san an gan shi, sannan a kawar da ido gefe, ba ƙasa ba. Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2016, ya nuna yawancin mutane sun fi sakewa da kallon da bai wuce daƙiƙa 3 da ɗoriya ba. Ƙura ido kuwa tsokana ce, tana iya tada rigimar da ake gudu.

A ƙasar Hausa tarbiyya ta koyar da sunkuyar da kai a gaban manya, kuma hakan ladabi ne a muhallinsa. Amma a titi, musamman a birane irin su Kano da ake fama da ƙwacen waya, mai tafe ido na kan waya ba ya ganin wanda ke biye da shi.

Waɗannan dabaru rage haɗari suke yi, ba sa kawar da shi, kuma wanda aka kai wa hari ba shi da laifi ko yaya tafiyarsa take. Idan maharin ya riga ya zaro makami, shawarar da 'yan sanda a ƙasashe da dama ke bayarwa ita ce a miƙa kayan, a guji motsin ba-zata, a lura da kamanninsa domin kai rahoto.