Giya a wuraren wasan ruwa da lilo a Ingila: wa ke ba da izini, wa kuma ake kamawa

Mutum in ya kai yaransa irin su Alton Towers ko Thorpe Park ko wurin wasan ruwan nan na Sandcastle da ke Blackpool, abun da zai fara ɗaure masa kai shi ne ya ga yara na ta ihu kan lilo da zamiyar ruwa, ga kuma wani babban mutum a gefe riƙe da kofin giya, kuma ba mai ce masa uffan. Sai ka ce to wai su ba su da doka ne? Suna da ita, kuma mai tsauri ce, sai dai tsaurin nata a kan mai sayarwa yake, ba a kan mai sha ba.

Babu wata doka ta musamman da aka rubuta don wuraren wasan ruwa. Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2005, ita ce ke kan kowa a Ingila da Wales, da mashayar unguwa da babban kanti da filin ƙwallo da wurin lilo, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Scotland tana da tata daban ta 2005. Kuma ba gwamnatin ƙasa da ke London ce ke ba da lasisin ba, ƙaramar hukumar da wurin yake cikinta ce ke bayarwa. Dokar ta kafa manufofi 4 da duk hukuncin da za a yanke sai ya jingina da su: hana laifi da rigima, tsaron lafiyar jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Kansila ba zai ƙi sa hannu don shi ba ya son giya ba, sai ya nuna wace manufa ce cikin huɗun nan za ta taɓu. A wurin da rabin masu shiga yara ne kuma ga ruwa mai zurfi, ai ka san ta biyu da ta huɗu su ne za su fi yin nauyi.

Lasisi iri biyu ake buƙata. Akwai na wurin kansa, akwai kuma na mutum. Na wurin shi ne mai wahala. Mai wurin zai kai takardar nema tare da taswirar wurin da ke nuna iyakokinsa da inda za a yi sayarwar, da kuma jadawalin yadda zai tafiyar da harkar, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, a sha a ciki ne ko a fita da ita, wane mataki zai ɗauka kan manufofin nan huɗu. To wannan jadawalin fa ba rubutun cika takarda ba ne, duk alkawarin da ka ɗauka a ciki shi za a juya ya zama sharaɗin lasisinka, in ka rubuta cewa a kofin roba kawai za ka zuba, ranar da aka ga kwalba a hannun wani a bakin ruwa ka karya sharaɗi kenan, kuma sayarwa ba bisa sharaɗin lasisi ba laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har wata 6 ko tara wadda ba ta da iyaka.

Bayan an shigar da takarda sai a jira kwana 28. A cikin kwanakin nan dole a liƙa sanarwa a wurin, kuma har kalar takardar an faɗa, shuɗiya mai haske, inda mai wucewa zai iya karantawa daga waje. Idan wurin babba ne sai an maimaita ta duk bayan mita 50 a jikin shingen da ke kallon titi, ka ƙiyasta takardu nawa kenan a katafaren wurin lilo. Za kuma a buga a jaridar yankin. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana da jami'an lafiyar muhalli da masu kula da kare yara da masu sa ido kan ciniki duk za a aika masu kwafi, kuma kowane mutum ma yana da damar rubuta ƙorafi, tun 2012 aka cire sharaɗin cewa sai kana zaune kusa da wurin. In ba wanda ya yi ƙorafi, hukuma ba ta da zaɓi, dole ta bayar. In an yi, sai kwamitin kansiloli ya zauna ya saurari kowa.

A gaskiya yawancin sharuɗan da ke bambanta wurin wasan ruwa da mashaya a nan ake haifarsu, a zaman sulhu tsakanin mai wuri da 'yan sanda kafin a kai gaban kwamiti. Irin su ba gilashi kusa da ruwa tunda mutane ba takalmi suke yawo, a keɓe wurin sha da shinge, a sa kyamara, a ajiye littafin da ake rubuta duk wanda aka ƙi sayar wa. Shi ya sa wurare biyu masu kama da juna za ka tarar sharuɗansu sun sha bamban.

Kuɗin lasisin kuwa ba wani abu ba ne ga irin waɗannan kamfanoni. Ya danganta da darajar wurin a littafin haraji, daga fam 100 zuwa fam 635 na nema, sai na shekara-shekara daga fam 70 zuwa 350, da ƙari idan za a tara mutum 5,000 ko fiye a lokaci guda. Wanda zai yi biki na ɗan lokaci kawai, misali wasan lilo na tafi-da-gidanka da ke sauka a fili na 'yan kwanaki, zai iya ba da sanarwar wucin gadi kan fam 21, amma kada mutane su kai 500 a lokaci ɗaya kuma kada ya wuce awa 168.

Sai lasisin mutum. Kowane wuri dole a rubuta sunan mutum ɗaya a jikin lasisinsa a matsayin mai kula da sayar da giya, kuma shi sai ya riƙe lasisin kansa, wato ya kai shekara 18, ya ci jarabawar horo, an duba ko yana da tarihin laifi, kuma tun 2017 sai yana da izinin aiki a ƙasar. Ba a ce ya tsaya a kanta kullum ba, amma duk kofin da aka sayar da izinin mai lasisi aka sayar, in babu sunan kowa a gurbin nan to ko ɗigo ba za a sayar ba.

Inda na fi so 'yan uwa su buɗe kunne shi ne nan, musamman ɗalibanmu da ke neman aikin bazara a irin wuraren nan, don sau da yawa wanda aka ɗauka sayar da askirim da dankali shi ne za a ce ya tsaya a kantar da akwai giya a firji. Ko mutum zai yarda ya yi wannan aiki ko ba zai yarda ba, wannan tsakaninsa da addininsa ne, kuma gara ya faɗa wa manaja tun ranar farko. Amma in ya tsaya, to ya sani sayar wa wanda bai kai 18 ba laifin wanda ya miƙa kofin ne da kansa, ba na kamfani kaɗai ba, ana iya yanka masa tarar fam 90 nan take ko a kai shi kotu. Kuma jami'ai na turo yara da gangan su gwada saye. Doka ta tilasta wa kowane wuri ya kasance da tsarin duba shekaru da katin shaida mai hoto, yawancinsu kuma suna bin wanda ake kira Challenge 25, wato duk wanda fuskarsa ba ta kai 25 ba a tambaye shi kati. To ka duba wurin ninƙaya, yaro ya fito a jiƙe da gajeren wando, katin nasa na can cikin akwatin ajiya, yana rantsuwa shekarunsa 19, layi ya yi tsawo a bayansa. Amsar ɗaya ce, ba kati ba giya, ya je ya ɗauko. Wurin da aka kama sau biyu cikin wata 3 za a iya hana shi sayarwa daga awa 48 zuwa kwana 14, a tsakiyar hutun makaranta wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ma'aikacin da shi kansa bai kai 18 ba ba zai sayar ba sai wani babba mai alhaki ya amince da kowane ciniki ɗaya bayan ɗaya. Uban da ya sayo ya miƙa wa ɗansa ɗan shekara 15 shi ma ya yi laifi. Sassaucin da aka yi kawai shi ne ɗan 16 ko 17 zai iya shan giya mara ƙarfi irin biya ko ruwan inabi idan a kan tebur ake cin abinci kuma babba ne ya saya yana tare da shi. Ruwan famfo kuma dole a ba duk wanda ya nema kyauta, an kuma hana gasar wa ya fi sha.

Ni inda nake ganin dokar ta yi sako-sako shi ne batun ruwan kansa. Ta hana sayar wa wanda ya riga ya bugu, tarar har fam 1,000, amma ba ta ce komai kan wanda ya sha kofi biyu, bai kai ga layi ba, ya hau matakalar zamiya mai tsawo. Giya na rage wa mutum saurin motsi da lissafi tun kafin a gani a tafiyarsa, kuma a cikin ruwa abun da ake buƙata kenan. Wannan giɓin dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974 ce ke ɗan toshe shi, tunda ta ɗora wa mai wuri alhakin lafiyar duk wanda ya shigo, shi ya sa za ka ga an rubuta a ƙofar lilo ko ruwa cewa wanda ya sha ba zai hau ba. Amma wannan ƙa'idar kamfani ce, kuma mai aiwatar da ita wani matashi ne mai usur a bakin ruwa da zai tsaya gaban ƙaton da ya biya kuɗin shiga ya ce masa koma.

Idan abubuwa suka lalace, 'yan sanda ko maƙwabci ko uban da ya ga abun da bai gamsu da shi ba zai iya neman a sake duba lasisin. Kwamiti na da ikon ƙara sharuɗa, ko cire mai kula da sayarwar, ko dakatar da lasisin har wata 3, ko soke shi gaba ɗaya, wanda bai yarda da hukuncin ba kuma yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare.