Yaushe Yarjejeniya Take Zama Kwantiragin da Kotu Za Ta Tilasta a Cika?

Ba kowane alkawari ne kotu take saurara ba. Kwantiragi shi ne yarjejeniyar da idan ɗaya ya saɓa, ɗayan yana da ikon kai ƙara a tilasta cika masa ko a biya shi diyya. Sauran alkawura, komai nauyinsu a wurin Allah da idon jama'a, alƙali ba ya shiga cikinsu. Mutane da yawa sun ɗauka takarda da sa hannu ne suke raba waɗannan biyun, alhali ba haka ba ne. Akwai cinikin baki da ya ɗaure mutum tamau, akwai kuma takarda mai shafi goma da hatimi wadda ba ta ɗaure kowa ba.

A Najeriya, dokar da manyan kotuna suke bi a wannan fanni gadon Ingila ce: hukunce-hukuncen alƙalai, da dokokin da suke aiki a can ranar 1 ga Janairu 1900, sai kuma waɗanda jihohi suka yi wa kansu daga baya. A gefe guda akwai shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da kuma dokar gargajiya. A mafi yawan sharuɗɗa bakinsu ɗaya ne, amma akwai wuraren da suka rabu, kuma a nan ake yawan asara.

Tushen komai shi ne tayi da amincewa, abin da malaman fiƙihu suke kira ijabi da ƙabuli. A ce ɗan kasuwa a Dawanau ya ce wa mai saye, "Buhu 200 na masara, kowane buhu naira dubu 40, ka biya ka kwashe ranar Alhamis." Wannan tayi ne cikakke: kaya, adadi, farashi da lokaci duk sun fito. Mai saye yana cewa "na saya", ciniki ya faɗa, ko da ba a ɗaga buhu ɗaya ba. Amma idan ya ce "dubu 38", bai amince ba, sabon tayi ya kawo, kuma da wannan kalmar ya kashe na farko. Mai kaya ya ce albarka, shi kuma ya dawo yana cewa to ya yarda da dubu 40 ɗin, mai kaya yana da damar ƙi. An yanke wannan tun 1840 a shari'ar Hyde da Wrench a Ingila, inda aka sa wa gona fam 1,000, mai saye ya taya 950, daga baya ya dawo kan dubun, kotu ta ce babu sauran tayin da zai amsa.

Farashin da aka manna a jikin kaya a kanti, ko hoton atamfa da kuɗinta a WhatsApp, ba tayi ba ne a idon doka. Kiran masu saye ne su zo su taya. Shi ya sa mai kanti da ya rubuta farashi bisa kuskure ba a tilasta masa sayarwa a haka. Sanarwar tukuici kuwa daban take. Wanda ya ba da cigiya a rediyo ya ce duk wanda ya kawo masa jakar takardunsa zai ba shi naira dubu 100, ya yi wa duniya tayi, kuma wanda ya ji sanarwar ya kawo jakar ya amsa da aikinsa. Asalin wannan ƙa'ida shari'ar Carlill ce ta 1893: wani kamfani ya yi tallar zai ba da fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa yadda aka ce kuma mura ta kama shi, har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Mura ta kama wata mata da ta yi amfani da maganin, kotu ta sa aka biya ta.

Abu biyu suna yawan tayar da rigima a nan. Mai tayi yana iya janyewa kafin a amsa, ko da ya ce "na ajiye maka har Juma'a", sai fa in an ba shi wani abu a kan ya ajiye ɗin. Shiru kuma ba amincewa ba ne. Ba za ka aika wa mutum saƙo cewa "in ban ji daga gare ka ba zuwa gobe, ka saya" ka ce ka ɗaure shi ba. A Malikiyya ciniki yana ɗauruwa da furucin, ba sai an tashi daga mazauni ba, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya da suka ba kowa damar fasawa muddin ba a rabu ba.

Idan an bar wani babban sharaɗi a buɗe, "farashi sai mun zauna", babu kwantiragi tukuna. Haka nan idan wasiƙun da ake musaya sun ɗauki sharaɗin sai an rubuta cikakkiyar yarjejeniya an sa hannu. Kotun Ƙoli ta bi wannan a 1988 a shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola kan hayar gini, ta ce tattaunawa ake yi, ba a ƙulla ba.

Sharaɗi na gaba shi ne wanda ya fi ba mutanenmu mamaki: dole kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin abin da zai samu, kuɗi ne, kaya ne, aiki ne, ko alkawarin ɗayansu. Kawu da ya ce wa ɗan 'yar'uwarsa "zan saya maka babur bayan Sallah" kyauta ya yi alkawari, in ya fasa babbar kotu ba za ta tilasta shi ba, sai in an yi alkawarin a takarda ta musamman mai hatimi wadda lauyoyi suke shiryawa. Abin da aka riga aka yi kafin alkawarin ma ba ya shiga lissafi. Ka taya maƙwabci kashe gobara, washegari don murna ya ce zai ba ka dubu 50, wannan alheri ne, ba bashi ba. Sai dai kotu ba ta auna ko musayar ta yi daidai. Wanda ya sayar da motarsa da araha da saninsa, ya sayar. Malikiyya ta sha bamban a kan kyauta: tana ɗauruwa da furuci, wanda aka ba yana iya neman a miƙa masa, amma idan mai kyautar ya rasu kafin a karɓa, ta ɓaci ta koma cikin gado.

Sannan ana duba ko mutanen sun yi nufin maganar ta kai ga kotu. Tsakanin 'yan kasuwa ana ɗauka sun yi nufi. Tsakanin miji da mata ko 'yan gida ɗaya ana ɗauka ba su yi ba, sai an kawo hujja, kamar yadda aka yanke a shari'ar Balfour ta 1919 kan alkawarin fam 30 a wata da miji ya yi wa matarsa. Saboda haka wa da ƙani da za su haɗa jari su rubuta, don rubutun ne zai nuna kasuwanci suke yi, ba zumunci ba.

Ko duk waɗannan sun cika, kwantiragi yana rushewa idan mai ƙulla shi bai cancanta ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga kwantiragi sai na abubuwan buƙata, a jihohin da suka karɓe ta, shari'ar Musulunci kuma tana neman balaga da hankali da iya riƙon dukiya. Yardar da aka samu da barazana, yaudara ko ƙarya game da kaya, wanda aka cuta yana iya warware ta. Yarjejeniya kan haramtaccen abu, kamar fasa-ƙwauri ko cin hanci don a samo aiki, babu kotun da za ta taimaka a kanta. Kotun shari'a ta ƙara da riba da garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kamar ɗan da ke cikin cikin saniya.

To ina matsayin takarda? A yawancin ciniki hujja ce kawai. Amma ba ƙaramin abu ba ce, domin wanda ya kai ƙara shi zai tabbatar da abin da aka yi, kuma shaidu suna mutuwa, suna mantuwa, suna jin nauyi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Saƙon waya, imel da shaidar tura kuɗi ta banki duk suna shiga gaban kotu a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, muddin an haɗa da takardar bayanin na'urar da aka ciro su. Wanda ya share hirar ko ya sayar da wayar ya jefar da hujjarsa.

Akwai inda rubutun ya zama dole. Dokar Ingila ta 1677 da waɗanda suka gaje ta a jihohi sun ce cinikin fili ko gida, da tsaya wa wani a kan bashi, ba a ƙara a kansu sai da rubutu mai sa hannun wanda ake ƙara. Rasit ma yana wadatarwa idan ya ambaci masu cinikin, filin da kuɗin. Cinikin fili na gargajiya ba ya buƙatar takarda, amma sai an biya kuɗi kuma an damƙa filin a gaban shaidu. A kan wannan kuma akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda sashe na 22 nata ya ce mai takardar mallaka ta gwamnati ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi wa bankin Savannah a shari'ar Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Sa hannun mai unguwa yana da amfani wajen shaida, amma ba ya maye gurbinta.

Wanda ya iya karatu ya sa hannu, abin da ke takardar ya hau kansa ko bai karanta ba. Wanda bai iya karanta harshen da aka yi rubutun ba kuwa doka ta kāre shi: marubucin zai sa sunansa da adireshinsa, ya bayyana cewa an karanta wa mutumin an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Rashin wannan 'yan layuka yana ba shi ƙofar musanta takardar.

Kuɗin kafin alƙalami, wato wanda ake fara bayarwa kafin a cika sauran, ya cancanci a tsaya a kansa, don rigingimun fili da yawa da shi suke farawa. A dokar da aka gada daga Ingila, kuɗin da aka ba da a matsayin jinginar cika ciniki yana zama na mai kaya idan mai saye ya fasa, amma wanda aka ba da a matsayin wani ɓangare na farashi ana mayarwa, bayan an cire asarar da aka jawo. Malikiyya ba ta yarda mai kaya ya cinye irin wannan kuɗi ba, Hambaliyya ce ta halatta. Rasit da aka rubuta "na karɓi dubu 500" kawai ya bar tambayar a buɗe. A rubuta matsayin kuɗin, ranar cikawa, da makomarsa in an fasa.

Masu fatauci tsakanin Kano da Maraɗi su sani cewa Nijar tsarin Faransa take bi, inda ake neman yarda, cancanta, abin ciniki sananne da dalili halattacce, kuma cinikin 'yan kasuwa yana ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka, wadda Nijar, Chadi da Kamaru suke ciki amma ban da Najeriya. Yana da kyau yarjejeniyar ta faɗi dokar wace ƙasa za a bi da kotun da za a je.

Idan an saɓa, abin da kotu ta fi bayarwa shi ne diyyar asarar da aka tabbatar. Mai masarar nan ya ƙi ba da kaya, farashi ya hau zuwa dubu 45, mai saye zai nemi bambancin dubu 5 a kan buhu 200, wato naira miliyan 1. Umarnin a cika cinikin kansa an fi samunsa a kan fili da gida. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa kwantiragi kawai, kuma wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa yana iya ƙarewa da biyan diyya. Ƙarar ma tana da wa'adi, shekara 6 daga ranar da aka saɓa a wasu jihohi, 5 a wasu, sai dai idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani abu daga ciki, lissafin yana farawa sabo daga wannan rana.