Lensin Ido: Alaƙarsa da Girman Ido da Tsufa

Lensin ido wani ɗan ƙaramin sashe ne garai-garai da ke bayan baƙin ido, wanda ke tattara haske ya kai shi kan retina, tantanin da ke can ƙuryar ido. Babu jijiyar jini a cikinsa, ruwan da ke kewaye da shi ne ke ciyar da shi.

Tsawon idon jariri daga gaba zuwa baya kusan milimita 17 ne, na baligi kuwa kusan 24. Yayin da ido ke ƙara tsawo a yarinta, lensi yakan baje, ƙarfinsa ya ragu har ya tsaya wajen dayofta 20 (ma'aunin ƙarfin lensi) daga cikin 60 na ido baki ɗaya. Idan tsawon ya wuce kima, hoto sai ya faɗi kafin retina, mutum ya kasa ganin nesa sosai. Ƙarin milimita 1 kacal kan jawo matsalar ganin nesa ta kusan dayofta 3.

Abin lura shi ne, ido yakan daina girma, amma lensi ba ya dainawa. Sababbin ƙwayoyin halitta suna ta hawa kan tsofaffi, kamar mai sa riga kan riga bai taɓa tuɓewa ba, har tsakiyar lensin tsoho tana ɗauke da ƙwayoyin da ya yi tun yana ciki. Nauyinsa kan tashi daga kusan miligiram 65 lokacin haihuwa zuwa wajen 250 a tsufa. Yakan yi kauri, ya taurare.

Hermann von Helmholtz, masanin kimiyya ɗan Jamus, ya bayyana a 1855 yadda tsokar da ke kewaye da lensi ke sa shi ya dunƙule domin ganin kusa. Taurin nan ke hana shi dunƙulewa, shi ya sa daga shekara 40 zuwa 45 mutum ke fara nesanta takarda da fuskarsa, sai da tabarau. Wannan ba cuta ba ce, kowa zai iso wurin.

Wanda idonsa gajere ne daga gaba zuwa baya ya fi cancantar a kula da shi, domin lensi mai kauri a ƙuntataccen wuri na iya toshe hanyar fitar ruwa, ya haddasa hawan jinin ido farat ɗaya.

Idan lensi ya dushe, ita ce yanar ido. Akan cire shi a sa na roba, aikin da likitan ido Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Kafin tiyata sai an auna tsawon idon, domin da shi ake lissafa ƙarfin sabon lensin.