Me Ake Nufi da "Sellout"? Rigimar Masoyan Metallica Ta Isa Misali

Kalmar "sellout" ta shigo bakin matasanmu da ƙarfinta. Ɗan siyasa ya sauya sheƙa, sellout. Ɗan gwagwarmaya ya karɓi muƙami, sellout. Mawaƙi ya haɗa waƙa da wanda masoyansa ba sa ƙauna, shi ma sellout. Kwanan nan har na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana yabon wani mawaƙi da cewa "sellout ne na gaske", alhali abin da yake nufi shi ne tikitin wasansa ya ƙare, zaure ya cika maƙil. Da mawaƙin ya ji da bai gode masa ba, domin a bakin masu kalmar zagi ne mai zafi.

Wannan kuskuren gyaransa ba wuya. Turawa suna amfani da kalmar a wuri biyu: in kaya ko tikiti ya ƙare, da kuma in mutum ya sayar da abin da ya yi imani da shi don kuɗi ko suna. Ta biyun ake jifan mutane da ita. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da ita sunan duk wanda ya canza. Abu uku ne aka cakuɗa: mutum ya sauya salo, aikinsa ya ragu, ko ya sayar da kansa. Kowanne da hukuncinsa. Kuma ban san inda aka fi daɗewa ana cakuɗa su ba kamar wajen masoyan ƙungiyar Metallica ta Amurka, waɗanda suka kwashe shekara arba'in suna gardamar ranar da ƙungiyar ta lalace.

An kafa Metallica a Los Angeles a 1981. James Hetfield ne ke rera waƙa yana kaɗa jita, Lars Ulrich, ɗan asalin Denmark, yana kan ganguna. Salon da suka tashi da shi ana kiransa thrash, wani reshe na kiɗan metal mai tsananin gudu da kaushi, jita na karta, murya na tsawa. Su da Slayer da Megadeth da Anthrax ake kira manyan huɗu na wannan salo. Abin da ya kamata a riƙe shi ne thrash ya taso ne da adawa. Matasan da suka ƙirƙiro shi sun tsani ƙungiyoyin Los Angeles masu kwalliya da tayar da gashi da waƙoƙin soyayya don rediyo. Ba rediyo ce ta tallata Metallica ba. Kaset ɗin gwaji da suka naɗa a 1982 masoya ne suka riƙa kwafa, suna aika wa juna ta gidan waya daga gari zuwa gari, har ƙetare. Wanda ya yi wannan wahala yana jin ƙungiyar tasa ce, da guminsa a ciki. Daga nan zafin rigimar ya samo asali.

To yaushe suka "sayar da kai"? Tambayi masoyi goma, ka tashi da shekara biyar ko shida.

Akwai masu cewa tun 1984. Faifansu na biyu, Ride the Lightning, yana ɗauke da waƙa guda mai farawa a hankali da jita marar lantarki, kuma a lokacin wasu sun ce shi ke nan, an ci amana. Yau wannan faifan yana cikin waɗanda masu tsattsauran ra'ayi ke rantsuwa da su. Wasu sun ce ran ƙungiyar ya fita a watan Satumban 1986, lokacin da motarsu ta kife a Sweden, makaɗin bas (jita mai kaurin amo) Cliff Burton ya rasu yana da shekara 24, wata shida da fitar faifansu na uku, Master of Puppets. Wannan rashi ne, babu ciniki a cikinsa, amma za ka ji ana saka shi a lissafi ɗaya. Wasu kuma sun ɗora alhakin kan bidiyon waƙa na farko da suka fitar a 1989, don sun daɗe ba su shiga harkar talabijin ba.

Mafi yawa dai sun tsaya a kan 1991, shekarar baƙin faifai, wanda bangonsa baƙi ne wuluk kuma ba shi da wani suna sai na ƙungiyar. Nan ya kamata a daɗe, don nan ne hujjar masu zargi ta fi nauyi. Sun ɗauko furodusa Bob Rock, mutumin da ya yi wa Mötley Crüe aiki, ɗaya daga ƙungiyoyin kwalliyar nan da thrash ya taso yana ƙi. Waƙoƙi suka gajarce, gudu ya ragu, Hetfield ya koyi rerawa maimakon tsawa, har da waƙar bege mai goge a bayanta. Faifan ya shiga jerin Billboard, ma'aunin kasuwar waƙa a Amurka, a matsayi na ɗaya, ya sayar da kwafi fiye da miliyan 16 a Amurka kaɗai. Mai zargi zai ce ga canji, ga kuɗi, me kuma ake jira?

Ana jiran niyya. Faifan da ya gabace shi, na 1988, ya kai salon ƙarshen bango: waƙa guda ta kusa minti goma, ana ta sauya kiɗa a tsakiya, ga bas ɗin sabon makaɗinsu Jason Newsted da kyar ake jin sa. Su da kansu sun faɗa a hirarraki cewa sun riƙa ganin gajiya a fuskar 'yan kallo in suna kaɗa dogayen waƙoƙin nan, kuma su ma sun gaji. Wanda ya kai ƙarshen hanya ya juya, ba a ce ya gudu ba. Sun so kuɗi? Babu shakka sun so, kuma ba su ɓoye burinsu na zama manya ba. Amma son samu daban, yin abin da ba ka yarda da shi ba don samu daban. Mai ƙosai da ta rage barkono don yara da tsofaffi su iya ci ta sauya hannu ne, tsohon mai sayenta yana da damar ya yi ƙorafi ya koma wani wuri. Wadda ta zuba garin rogo cikin wake ta ce zalla ne, ita ce ta yi algus. Sellout algus ne. Ni kuwa duk sauraron da na yi wa baƙin faifai ban ji algus a cikinsa ba, na ji mutane huɗu da suka yarda da abin da suke yi, suka shafe wata da watanni a situdiyo suna faɗa da furodusa a kan kowane bugu.

Newsted ya taɓa mayar da martani ta hanyar wasa da ma'ana biyun nan, cewa lalle suna sayarwa, kowace kujera a duk inda suka je. Amsa ce mai daɗin ji, sai dai ba ta taɓa zargin ba, don cikar fili ba ta wanke kowa.

Faifan 1996, Load, ya fi wahalar karewa. Sun aske dogon gashi, sun canza tambarin sunansu, wasunsu sun shafa kwalli a hotuna, kiɗan ya karkata wajen blues da rock. Hetfield ya faɗa daga baya cewa bai ji daɗin hotunan da bangon faifan ba, ya bi ra'ayin Ulrich da ɗaya makaɗin jitarsu Kirk Hammett ne. In akwai inda kalmar ta ɗan kama ƙasa, to nan ne, a siffa ba a kiɗa ba, tunda ga mutum ya sa rigar da bai yarda da ita ba. Amma a lura, yawancin masu fushi a lokacin gashin suka fi kuka da shi, kamar aƙida a gashi take.

Sai St. Anger na 2003, wanda shi ne ya tona rashin ma'anar lissafin gaba ɗaya. Faifai ne mai kaushi, babu solo ko ɗaya, wato gaɓar da ake bar wa makaɗin jita fili ya nuna gwaninta, Ulrich ya saki wayoyin ƙasan ƙaramar gangarsa, ƙarar ta fito da amon ƙarfe mai ciwon kunne. An yi shi bayan Newsted ya tafi, Hetfield ya dawo daga jinyar shaye-shaye, ƙungiyar na gab da watsewa. A wajena shi ne mafi rauni a faifansu na ƙashin kansu. Amma wa zai yi irin wannan don ya burge rediyo? Faɗuwa ce, ba ciniki ba. Duk da haka za ka ga an jera shi da baƙin faifai a ƙarƙashin zargi ɗaya, alhali ɗaya an zarge shi da yawan santsi, ɗayan da rashin daɗin saurare.

Mai son ganin abin da ya fi kama da sayar da kai ya duba Celtic Frost ta Switzerland. A 1988 suka bar kiɗansu mai duhu, suka tayar da gashi, suka fitar da Cold Lake irin na 'yan kwalliya. Shugabansu Tom Warrior ya yi ta nesanta kansa da faifan tun daga lokacin. Ga alamar nan ƙarara: mai aikin da kansa bai tsaya a bayansa ba. Haka ya kamata a auna ɗan siyasar da ya bar jam'iyya. A tambaya ko abin da yake faɗa jiya ya bar faɗa yau, da kuma me aka ba shi ya yi shiru. In jam'iyyar ce ta bar abin da aka kafa ta a kai, fitarsa ba sayar da kai ba ce.

Raunin da na fi fahimta a wajen masoyan Metallica ba na kiɗa ba ne ma. A shekarar 2000 ƙungiyar ta maka Napster a kotu, manhajar da a lokacin mutane ke musayar waƙoƙi kyauta da ita a intanet, Ulrich ya kai sunayen masu amfani da ita sama da 300,000, aka rufe musu asusu. A shari'a suna da gaskiya, kuma abin da ya sami kasuwar waƙa bayan nan ya nuna ba tsoron banza suka ji ba. Amma ƙungiyar da ta tashi a kan kaset ɗin da masoya suka kwafa wa juna ce ta juyo kan masu kwafa. Wanda ya ji zafin wannan ba zan ce masa bai da dalili ba.

Abin da na lura shi ne, kusan kowa yana sa ranar lalacewar a faifai na farko da ya fito bayan shi ya fara sonsu. Wanda ya shigo a 1983 ya ce 1984, wanda baƙin faifai ya jawo ya ce 1996. A 2022 wani shirin Netflix ya saka waƙar Master of Puppets, ta shiga jerin waƙoƙi ɗari na Billboard a karon farko bayan shekara 36, yara suka yi ta tururuwa. Nan take wasu tsofaffin masoya suka fara korarsu, suna cewa ba 'yan gida ba ne, har sai da ƙungiyar ta fito ta ce kowa na da wuri a cikinta. Da yawa daga masu korar nan a 1991 suka shigo, lokacin da na gabansu ke yi musu irin wannan kallon.